Furar da Aka Dama wa Isiyaku

Samarin da ake turo mana koyon aiki a ɗakin shan magani sukan dube ni su ce, "Baba Habu, kai dai ka huta. Ka hau babur ka je ƙauye, ka shimfiɗa tabarma ka yi hira, a ce ka yi aiki." Ba na musu da su. Ni ba likita ba ne, ba nas ba ne, ko allura ba na yi. Karatun boko ma da girmana na same shi a ajin yaƙi da jahilci. Aikina shi ne bin masu taɓin hankali gida-gida, daga Gumel zuwa Gagarawa, zuwa ƙauyukan Sule Tankarkar har bakin iyaka. Nas ya duba mutum ya rubuta masa magani, ni kuma in bi shi gida in ga yana sha, yana ci, yana barci, kuma ba a mayar da shi turke ba. Tun da sun ce hira ce, bari in faɗa musu yadda hirar take.

Da acaɓa na fara. Malam Lawan, wani dattijon nas da ya karanci ciwon ƙwaƙwalwa, shi nake ɗauka in kai ƙauye in jira shi a waje. Wata rana a Gagarawa ya ce in shigo in riƙe masa jaka. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin mara lafiya, hannuna a aljihu, ina yi wa ƙanen mutumin raɗa. Da muka fito Malam Lawan ya juyo gare ni.

"Habu, ka tare masa hanyar fita, ka ɓoye hannu, kana kuma raɗa da ɗan'uwansa. Da kai ne a ɗakin nan, me za ka ce mun zo yi?"

Na ce, "Yanka ni, Malam."

"To haka ya gani."

Daga ranar ya fara koya mini. Ka zauna ƙasa, kada kanka ya fi nasa tsawo. Ka bar masa ƙofa a buɗe. Ka kira shi da sunan da ake kiransa lokacin da yake da lafiya, in Malam ne Malam, in Sarkin Noma ne Sarkin Noma. Duk abin da za ka faɗa wa dangi a kansa, ka faɗa yana ji. In ya ce bango yana yi masa magana, kada ka ce ƙarya ne, kada kuma ka ce kai ma ka ji. Ka tambaye shi me bangon ya ce, da wane lokaci ya fi damunsa. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni wuya, domin bakin Bahaushe ya saba da cewa "haba, bari mana."

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Tabarma, sabulu, almakashi, man kaɗanya na shafa wa miki, sai zarto. Zarton na mari ne, wato ƙarfen da maƙeri ke ɗaura wa mutum a ƙafa. Yanke mari yana da ƙa'ida. Ana cusa guntun robar taya tsakanin ƙarfe da fata, ana zuba ruwa don kada ya yi zafi, kana yi kana faɗa wa mai ƙafar abin da hannunka zai yi na gaba. Ba a kuma yanke shi ranar farko, ko da zuciyarka ta tafasa. In ka yanke mutanen gida ba su yarda ba, kana bayar da baya za a kira maƙeri ya ƙera wanda ya fi shi matsewa.

Mutanen gida su ne masu aikin na gaskiya. Kafin su zo wurinmu sun je wurin mai ruƙiyya, sun je wurin mai saiwa, sun sayar da rago, wasu sun sayar da gona. Sun gaji, suna jin kunya, suna jin tsoro. Ba na zagin malamin kowa, don in na zage shi an rufe mini ƙofa. Nakan ce a ci gaba da addu'a, a bar duka da turaren barkono. Wasu su ji, wasu su ce to, su ci gaba da abinsu.

Aikin da nake so yaran nan su ji shi ne na Isiyaku, a wani ƙauye bayan Ɗanzomo. Yayansa Mati ne ya zo ya kira mu. Isiyaku mai huɗa da shanu ne, irin wanda in ruwan farko ya sauka ake layi a ƙofar gidansa, don kunyar da yake tayarwa a gona miƙaƙƙiya ce kamar an ja igiya. Ciwon ya zo masa da abu guda: ya yarda ana sa masa sammu a abinci. Ya daina ci, ya fara kifar da tukwane, sai aka ɗaure shi a jikin gungume a ɗakin bayan gida. Matarsa ta koma gidansu. Da na shiga, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga.

A bakin ƙofa akwai kwano an ɗaura masa jan ƙyalle a hannu. Mahaifiyarsu, Inna, ita ke zuba masa tuwo ta tura kwanon da kara. A wajenmu haka ake yi, an ɗauka yawun mai irin wannan ciwo yana iya kama wani, don haka a ware masa kwano kada yara su taɓa. Ba ƙiyayya ba ce. Amma ku duba ta idonsa. Mutum yana tsoron an sa masa abu, sai ga kwanonsa daban, da alama a jiki, ana turo shi da kara, ba mai yarda ya sa hannu a ciki.

Na yi sallama na zauna ƙasa. Ya daɗe yana kallona.

"Su suka aiko ka?"

"Yayanka ne ya kira ni, Malam Isiyaku. Sunana Habu."

Ya tura kwanon da ƙafarsa mai mari. "To ci mana."

Tuwon gero ne da miyar kuka, ya huce tun safe, ƙudaje sun yi nasu rabon. Na ɗauki buta na wanke hannu na kai loma. Inna ta saki salati daga tsakar gida.

"Wayyo ɗan nan, kada ka ci! Kana da iyali fa!"

Isiyaku ya yi dariya, irin wadda ba daɗi. "Ka ji ko? Ita ma ta san abin da ke ciki."

Na cinye tuwon tas. Ba don daɗi ba.

Malam Lawan ya zo ya yi masa bayanin allurar da ake yi wata-wata, ya nuna masa kwalbar ba a fasa ba, ya bar shi ya juya ta a hannu. Sai a zuwa na gaba ya yarda. Allurar ta rage masa muryoyin da yake ji, ta ba shi barci, amma ba ta sa shi cin tuwo ba. Magani ba ya cire abin da mutum ya riga ya yarda da shi. Wannan sai zama.

Ga yadda zaman yake. Na tambaye shi, in da sammu a kwanon nan, me zai same ni? Ya ce cikina zai kumbura kafin la'asar. Na ce to zan zauna har la'asar mu gani tare. Na zauna. Da aka kira salla na ɗaga riga na nuna masa. Ya ce ai ni an yi mini tsari. Ban musa ba. Na ce to wane gwaji ne zai gamsar da shi, shi ya zaɓa. Wani zuwan ya ce in ci ta gefen da ya nuna. Wani zuwan ya ce a kira Mati ya ɗanɗana, Mati ya ƙi, muka koma baya. Daga nan na roƙi Inna ta kawo turmi da ƙwarya ƙofar ɗakinsa, ta dama fura yana kallo tun daga gari har nono. Ranar ya sha ludayi guda, ya zauna yana jiran mutuwa, gumi yana keto masa. Na zauna kusa da shi muna maganar shanu har tsoron ya sauka da kansa.

Kullum nakan tambaye shi ina tsoron ya kai yau. Da farko yakan kama maƙogwaro. Daga baya ƙirji. Wata rana ya dafa gwiwa, ya ce, "Yau a nan ya tsaya, Malam Habu, kamar ruwan fadama." Tun rani muke wannan har aka yi girbi.

Mati ya fi ƙanensa wuyar sha'ani. Na ce masa ba za a yanke mari ba sai ya ci abinci kwano ɗaya da Isiyaku, a zaure, kowa yana gani.

"Malam Habu, ina da 'ya'ya."

"Ni ma ina da su. Ga ni nan kullum ina lasar hannu a kwanonsa, ka ga na yi tsirara?"

"Kai ai dama an taɓa ka. Mai cikakken hankali ba ya wannan aikin."

Muka yi dariya, amma sai da na yi ta zarya kafin ya yarda. Ranar da ya sa hannu a akushi ɗaya da ƙanensa, lomarsa ta farko kamar ƙaya yake haɗiya. Isiyaku ya dube shi ya ce, "Yaya, ci a hankali, ba komai a ciki. Na gwada." Inna ta juya baya ta rufe fuska da mayafi.

Kafin in ɗauko zarto na tara su duka, na faɗi sharaɗi guda a gaban Isiyaku. Duk abin da zai shiga cikinsa, sai ya gani da idonsa. Ko rubutun sha ne, ko saiwa, ko maganin asibiti, a ba shi a hannu. In ya ƙi, a kira ni. Kada a taɓa sa masa komai a abinci, ko da na alheri ne.

Isiyaku ya ce, "Ka yi mini alkawari?"

Na ce, "Na yi. Yayanka ma zai yi."

Mati ya ce, "Na rantse da Allah."

Na yanke marin. Damina ta zagayo, ya ɗaura wa shanunsa karkiya, aka koma layi a ƙofar gidansa. Matarsa ta dawo. In na je sai dai in same shi a gona, ya tsayar da garma mu gaisa, ya ce in wuce gida Inna ta dama mini fura. Shekaru suka tafi a haka. Duk ranar allura shi ke zuwa Gumel da ƙafarsa, har yakan yi wa sababbin marasa lafiya bayani a kan benci.

Sai muguwar shekara ta zo. Allurar ta yanke, aka ce babu, ba wanda ya faɗa mana dalili. Man fetur ya yi tsadar da ƙauyen da nake zuwa kowane mako ya koma sai na samu hali. Malam Lawan ya yi ritaya, nas ɗin da ya maye gurbinsa daga nesa yake zuwa, shi kaɗai ga garuruwa da yawa. A shekarar nan na ga mutanen da na yanke wa mari da hannuna an mayar da su turke. Wata mata a Gagarawa da ta koma sana'ar ƙosai, na same ta a ɗaure da igiyar akuya. Wani maƙeri ya tare ni a kasuwa yana dariya, ya ce, "Malam Habu, kai kana yankewa ni ina ƙerawa, Allah ya bar mu tare."

Aka mayar da Isiyaku kan ƙwaya, safe da yamma. Ƙwayar tana da ɗaci, tana busar da baki, tana sa barci mai nauyi, in rana ta buge ka kuma jiri ya ɗebe ka. Ruwa ya sauka, ga gonakin mutane suna jira. Da na je, shi da kansa ya faɗa mini, bai ɓoye ba.

"Malam Habu, ta safen nan na ajiye ta. Jiya saura kaɗan in faɗi a kan garma. Ta yamma ina sha, ka tambayi matata."

Wannan maganar mai lafiya ce. Na ce ba ni da ikon canza magani, amma zan tambayi nas ko za a haɗa masa duka da yamma. Na faɗa wa Mati haka a gabansa, na ce a yi haƙuri har in dawo, kada a matsa masa. Nas ya zo, ya ce ba laifi, a haɗa. Na ɗauko wannan albishir, sai ruwa ya cinye hanya, babur bai iya wucewa ba sai da ƙasa ta tsane.

Da na isa, na samu shanun a ɗaure, garma a jingine, Mati a zaure shi kaɗai. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru.

Ya je gona ya ji Isiyaku yana magana shi kaɗai a bayan shanu. Nan take ya ce ciwo ya dawo. Na ce masa, "Mati, wane mai huɗa ne ba ya magana da shanunsa?" Ya ce shi dai ya tsorata. Ya yi shawara da maƙwabta, suka ce abu mai sauƙi, a daka ƙwayar a zuba a fura, haka ake yi wa yara da tsofaffi. To ba a zuba magani a ƙwaryar da kowa ke sha. Dole a ware. Inna ta dama tasa daban, ta miƙa masa ta ce, "Ga taka, na ƙara maka tsami yadda kake so." Ya karɓa ya sha, don uwarsa ce, kuma ya daɗe da daina tsoro. Kashegari ma ya sha. A rana ta gaba ya ji ɗaci a ƙarshen ƙwarya, harshensa ya yi nauyi. Ya tsiyaye sauran a hankali, ya ga gari-gari a ƙasa wanda ba na gero ba.

Bai yi ihu ba, bai fasa komai ba. Ya ɗauki ƙwaryar ya kawo zaure, ya ajiye a gaban yayansa.

"Yaya, sha."

Mati ya ce ya ƙoshi.

"Ludayi ɗaya, Yaya."

Mati bai iya ba. Isiyaku ya tsaya yana kallonsa, ya juya ya kalli Inna da ke bakin ƙofa. Daga nan ya je ya kwance wa shanu karkiya, ya ba su ruwa, ya zuba musu harawa, ya fita da rigar da ke jikinsa.

"Magani ne fa, Malam Habu," in ji Mati. "Ba guba ba ce. Maganin da ku kuka ba shi. Don Allah ina laifina?"

Na ce, "Shekara da shekaru yana cewa ana sa masa abu a abinci, muna nuna masa ba a sawa. Yanzu an sa."

Ya ce in taimaka in nemo shi in kawo shi gida, ya riga ya yi magana da maƙeri. Na ce zan neme shi, amma ba zan kawo shi ga mari ba. Tun daga ranar gaisuwarmu da Mati ba ta wuce ta hanya.

A Maigatari na same shi, ranar Alhamis, a kara inda ake lodin shanu a manyan motoci. Masu lodi suna son sa, don bijimin da ya gagari ƙarti in ya dafa masa wuya ya yi masa magana sai ya hau. A nan yake kwana, a rumfar wani dillali. Ba ya taɓa kowa. Ya toshe kunnuwa da auduga, alamar muryoyin sun dawo. Ba ya cin komai da aka dafa a tukunya ko aka dama a ƙwarya. Sai abin da ke da ɓawo ya fasa da kansa, gyaɗa, dafaffen ƙwai, rake. Ruwa kuma sai ya buga famfon tuƙa-tuƙa da hannunsa ya tara baki. Haƙarƙarin nan sun sake fitowa.

Ku da kuke cewa hira ce, wannan ita ce hirar. Abin da aka yi damina da rani ana ginawa, ƙwarya ɗaya ta rushe shi, kuma waɗanda suka rushe shi suna son Isiyaku fiye da yadda ni nake son sa. Ba wanda za ka kai ƙara.

Har yanzu ina zuwa in hanya ta ba ni. Yakan gane ni daga nesa, ya cire audugar kunne ɗaya, ya tambayi iyali. Zuwana na baya-bayan nan na sayi waina a ganye, aka soya a gabanmu, na zauna ƙasa kusa da shi a inuwar mota na fara ci. Na faɗa masa allurar ta dawo, in yana so zai ga kwalbar ba a fasa ba kamar dā. Ya ce Allah ya amfana. Na tura ganyen tsakaninmu.

"Isiyaku, ni ban san za su yi ba. Wallahi ban sani ba."

"Na sani, Malam Habu. Kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba."

"To ka ci mana. Ga shi ina ci."

Ya dubi wainar ya daɗe.

"Ka ce ba za a sa ba, kuma ka yarda da abin da ka faɗa. Aka sa, ba ka sani ba." Ya mayar da audugar kunnensa. "To yau ma ta ina za ka sani?"

Wani mai lodi ya ƙwala masa kira, wani bijimi ya turje a bakin mota. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya tafi wurinsa.